Blasen: Kalmar Jamusanci Mai Taurin Kai

Duk mai koyon Jamusanci sai ya yi tuntuɓe da kalmar blasen, wato hurawa ko busawa. An koya masa cewa in abu ya wuce, sai a liƙa -te a ƙarshen aikatau. Ita kuwa wannan ta ƙi: blies ake cewa, sannan geblasen. Ko a kan abin da ke faruwa yanzu wasalinta juyawa yake, ich blase amma er bläst.

Taurin kan nan gado ne. A tsohon Jamusanci na ƙarni na 8 zuwa na 11, blāsan ake ce mata, kuma tana da dangi: blazen a Holanci, blása a tsohon harshen Sikandinebiya. Jacob Grimm, a littafinsa na nahawu na 1819, ya kira irin waɗannan aikatau "masu ƙarfi", don da kansu suke sauya wasali ba su jiran ɗafi. A ganina sunan ya dace.

A cikin rukunonin aikatau masu ƙarfi, blasen tana rukuni na bakwai, wanda ya fi sauran daɗin labari. Fassarar Baibul da Bishop Wulfila ya yi cikin harshen Got, ɗan'uwan Jamusanci, a ƙarni na 4 ta nuna yadda rukunin yake tun asali: ninka farkon kalma ake yi don nuna abin da ya wuce. Slepan, yin barci, sai ta koma saislep. Bahaushe ba baƙon ninki ba ne, sai dai shi yawan aiki yake nufi in ya ce an kakkama ɓarayi. A Jamusanci ninkin ya ɓace ya bar ie a gurbinsa: schlief, riet, blies. Ɗigo biyun da ke kan bläst kuwa sawun wani wasali ne. Da can blāsit ake cewa, i ɗin ya jawo a zuwa ä, daga baya shi ya faɗi.

Ta fuskar ma'ana kuwa, iska mai kaɗawa a hankali wehen take yi. Blasen sai da ƙarfi: ƙaho, kakakin soja, ko narkakken gilashi, kamar a Lauscha ta jihar Turingiya, inda aka kafa masana'antar gilashi a 1597. Daga busar da ake yi don sallamar maharba da sojoji aka samu abblasen, wadda a yau ma'aikacin ofis a Berlin ke amfani da ita in an fasa taro.