Labarin Amanawa da Kuɗin Baiko

Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum yau 'yan Jihar Zamfara ne, amma kafin 1996 da Sakkwato suke haɗe, a zamanin Turawa kuwa Lardin Sakkwato ake kiran ƙasar duka. A wancan zamani babu ciwon da ake tsoro kamar kuturta. In ta kama mutum sai a ware masa ƙwaryar abinci, a yi masa bukka a bayan gida, in ta ci yatsunsa ya kasa riƙe fartanya sai ya koma bara a bakin kasuwa. Jama'a na ba shi sadaka don Allah, amma sadakar yini ba ta warkar da ciwo.

Kudu da birnin Sakkwato, a ƙasar Dange da Shuni, akwai wani wuri da ake kira Amanawa. Nan ne aka yi sansanin jinyar kutare na lardin duka, wato har da mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum a cikin rabonsa. Kano tana da irinsa a Yadakunya, Katsina kuma a Babbar Ruga. Abin da muke so mu duba shi ne inda kuɗin wannan aiki suka fito, da yadda aka riƙe su.

En'e ita ta fara tara marasa lafiyan, amma likitoci sun yi ƙaranci, kuma ba kowane ma'aikaci ne zai yarda ya zauna cikin kutare ba. To, wajen 1937 sai aka shirya da wata ƙungiyar mishan da ake kira SIM ta karɓi jinyar. A lokacin Alhaji Abdullahi Bayero ke sarautar Kano, Alhaji Muhammadu Dikko na Katsina, Sarkin Musulmi Hassan kuma na Sakkwato, wanda Sarkin Musulmi Abubakar ya gada a 1938. Sarakunan nan Musulmi ne, sun kuwa san mishan wa'azi ya kawo su, su ma 'yan mishan ba su ɓoye ba. Saboda haka aka gindaya sharaɗi kada a tilasta wa kowa shiga addinin da ba nasa ba. An sha samun saɓani a kan wannan batu, duk da haka aikin jinya bai tsaya ba.

Ita SIM ba ta tashi da dukiya ba. Samari uku ne suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893, su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da ɗan guzuri kaɗan. Kafin shekara ta kewayo biyu sun rasu, Bingham kaɗai ya koma Kanada da rai. Sai a 1902 suka sami wurin zama a Pategi. Ka'idarsu ita ce ba a yanka wa ma'aikaci tabbataccen albashi, abin da masu bayarwa suka aiko shi ake rabawa, kuma ba a cin bashi don a faɗaɗa aiki.

Su wane ne masu bayarwan? Da yawansu talakawa ne na Kanada da Amurka da Ingila, waɗanda ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Ran Lahadi su jefa abin da suka samu cikin kwanon baiko a majami'a. Dalilinsu na cikin Linjila. A can suka karanta yadda Yesu Almasihu ya taɓa kuturu da hannunsa ya warkar da shi, da labarin wata gwauruwa da ta ba da 'yan aninai biyu, aka ce ta fi attajirai bayarwa, don shi ke nan abin da ta mallaka. Akwai kuma misalin maigidan da ya bar wa barorinsa kuɗi ya yi tafiya, da ya komo ya tambayi kowannensu abin da ya yi da su. Daga nan Kirista suka ɗauki koyarwar cewa dukiya ajiyar Allah ce a hannun mutum, kuma akwai ranar lissafi. Musulmi ma ba baƙon wannan magana ba ne, amana yake kiranta.

Ga misalin yadda ƙaramin baiko ke girma. A 1874 wani malamin makaranta mai suna Wellesley Bailey ya ba abokansa a birnin Dublin labarin kutaren Indiya. Suka yi alkawarin tara masa fam 30 kowace shekara, amma abin da aka tara a shekarar farko ya ninka haka sau da yawa. Wannan ne asalin ƙungiyar The Leprosy Mission, wadda daga baya ta zo ta yi aikin kuturta a jihohin Sakkwato da Zamfara.

Amma kada mai karatu ya zaci kuɗin Turawa kaɗai suka riƙe Amanawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baitulmalin En'e yana ba da nasa kason, kuɗin baitulmali kuwa harajin talakawa ne da jangalin Filani, ashe manomin Gummi da makiyayin Bukkuyum suna da hannu a ciki ko ba su sani ba. Ƙungiyar BELRA, wadda aka kafa a Ingila a 1924 don yaƙi da kuturta, ita ma ta taimaka. Marasa lafiya kuma ba zaman kashe wando suke yi ba: mai sauran ƙarfi ya yi noma, wasu suka koyi karatu, wasu suka koyi yin allura da wanke miki har suka zama ma'aikata. Da yake kuɗin na mutane dabam dabam ne, tilas mai riƙe da su ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya nuna wa hukuma, ya kuma aika wa masu bayarwa da labari.

Da fari maganin da ake yi allurar man wani itace ce na Indiya, mai zafi, ga jinkirin aiki. Wajen 1950 Likita John Lowe ya gwada ƙwayar dafson a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, aka ga tana aiki, ga ta da araha. Sai aka buɗe ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, mutum ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna biyu ko uku, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Yau kuturta tana warkewa cikin wata 6 ko 12. Wanda ya ga tabo mai haske a fatarsa, wanda ba ya jin taɓi, ya hanzarta zuwa asibiti tun ciwon bai taɓa yatsu ba.

Kiristan ƙasarmu ma ba su tsaya ga karɓa ba. A 1948 suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, da kuɗin baikonsu suke ciyar da su, a 1954 kuma ikilisiyoyin da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Da kaka wanda ba shi da kuɗi yakan kawo damin dawa ko kaza a matsayin baikon godiya.

To, kai da ka fita daga ajin yaƙi da jahilci, wata rana za a ɗanka maka kuɗin jama'a, ko na majami'a, ko na masallaci, ko na adashin unguwa, don an san ka iya rubutu. Ka nemi littafi ka rubuta kowane kwabo da ranar da ya shigo da abin da aka yi da shi, kada ka gama su da na aljihunka, ka kuma karanta wa masu kuɗin lissafinsu tun ba su tambaye ka ba.