Littattafan Tambutu Da Abokan Gabansu Huɗu

Kowane yaro da ya karanta labarin ƙasashenmu na Yamma ya ji sunan Tambutu, garin nan na bakin hamada, kusa da inda kogin Kwara ya yi gwiwa, cikin ƙasar da a ke kira Mali yanzu. Gari ne na fatauci, inda raƙuma masu ɗauke da gishiri ke gamuwa da jiragen ruwa masu hatsi da zinariya, amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne ilmi. Wani matafiyi, Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya zo garin a farkon ƙarni na 16. Cikin littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 ya ce ribar da a ke samu wurin cinikin littattafai a Tambutu ta fi ta kowace irin haja.

Cikin 1591 rundunar Sarkin Maroko ta ƙetaro hamada da bindigogi, ta karya daular Songhai. Bayan shekara uku aka kwashi manyan malaman Tambutu zuwa Marakish, cikinsu har da Shehu Ahmadu Baba, wanda ya ce an raba shi da littattafai 1,600, ya kuma ce nasa ma kaɗan ne in an gwada da na danginsa. Duk da wannan ɓarna ilmi bai ƙare a garin ba. Malamai suka ci gaba da kwafa, 'ya'ya suka gāji iyaye, har Faransawa suka ci garin a 1894. Sa'an nan gidaje da yawa suka zuba nasu cikin akwatuna suka ɓoye, waɗansu a ƙuryar ɗaki, waɗansu a ƙarƙashin rairayi. Akwai na fiƙihu da nahawu, da na taurari da lissafi da magani, da tarihi, da wasiƙun fatake. Waɗansunsu sun haura shekara 400.

To, yaya takarda, abin da ɗan yaye ke iya yagawa, ta kai wannan tsawon rai? Dalili biyu ne. Na fari, irin takardar. Da tsumman auduga da na lilin a ke yin takardar zamanin da, a jiƙa, a kirɓa, a shanya. Mai yawa daga cikinta daga Italiya ta ke zuwa, in an ɗaga ta wajen haske a kan ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Dakta Barth, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdulkarim, ya ga irinta a kasuwar Kano cikin 1851, kakanninmu ma da ita suka yi rubutu. Na biyu, halin ƙasar. Ruwan da a ke yi a Tambutu a shekara bai cika kai inci 8 ba, iska busasshiya ce, littattafan kuwa suna kwance cikin duhu, kowane a gafakarsa. Gara da ƙura sun yi tasu ɓarna, ba shakka, amma rima ba ta sami ƙofa ba.

Cikin 1973 aka buɗe ma'ajiyar littattafai ta gwamnati a garin, aka sa mata sunan Ahmadu Baba, cikin 2009 kuma Afirka ta Kudu ta taimaka aka gina mata sabon gida. Ba a daɗe ba fitina ta zo. A watan Afrilu 1 2012 'yan tawaye suka kama garin, suka shiga rushe hubbaren waliyyai. Masu littattafai suka ga lalle wuta na tafe. Wani mutumin garin, Abdulƙadir Haidara, wanda ya gāji littattafan mahaifinsa, ya haɗa kai da sauran gidaje. Suka sayi akwatunan ƙarfe, suka riƙa cika su da dare, a fitar kaɗan kaɗan, waɗansu cikin mota, waɗansu cikin kwalekwale a kan Kwara, zuwa Bamako, tafiyar wajen mil 600. An ce abin da aka tsirar ya kai wajen 350,000. A watan Janairu 2013, da 'yan tawayen za su gudu, suka ƙone fiye da 4,000 daga cikin waɗanda suka saura a ma'ajiyar Ahmadu Baba.

Jama'a suka yi murna, ashe an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Ruwan Bamako ya kan kai wajen inci 40 a shekara, watau ya riɓanya na Tambutu sau biyar. Ga littattafan nan cunkushe cikin akwatunan ƙarfe, ba inda iska za ta ratsa. Da damina ta sauka sai masu tsaronsu suka ga abin da wuta ba ta samu ba rima na neman cinyewa.

A nan ya kamata ku san abokan gaban takarda, su huɗu ne, kuma taimakon juna su ke yi. Babbansu laima. In ruwan da ke cikin iska ya daɗe sama da kashi 65 cikin 100, sai fumfuna ta tsiro, ganyayen littafi su manne, ƙwari su sami wurin zama. Na biyu tsami ne, wanda masana ke kira asid. Tawadar da a kan dafa da bagaruwa da ƙarfe tana da shi a jikinta. Muddin tana bushe lafiya lau, amma in ta sha laima sai tsamin ya farka, ya ci takarda, har ka ɗaga shafi ka ga haruffa sun zama huji. Na uku zafi, shi ne mai zuga sauran, gama kowace irin ruɓa ta fi sauri cikin zafi, yana kuma sa takarda ta bushe ta riƙa karyewa kamar ganyen kaka. Na huɗu haske, mai kashe launin ja da rawaya na zayyana. Ɓarnarsa taruwa ta ke yi kullum kaɗan kaɗan, launin da ya kashe kuwa ba ya komowa.

Kowa ya so ya gani da idonsa, ya raba tsohuwar jarida biyu, ya ajiye rabi a rana, rabi cikin akwati. Kafin mako ya kewayo na rana zai yi ja. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda mai araha da niƙaƙƙen itace, wadda ke haifar da tsami da kanta. Shi ya sa jaridar shekara 50 ta kan rududduge, alhali littafin shekara 300 na nan garau.

Mutanen Bamako ba su zauna ba. Da taimakon Jami'ar Hambug ta Jamus da wata ma'ajiyar littattafai ta Amurka, aka sa injuna masu tsotse laima a ɗakunan ajiya, aka share ƙura shafi shafi da tattausan buroshi, aka yi wa littattafai akwatunan kwali marasa tsami, kowane daidai jikinsa. Aka kuma ɗauki hoton shafuffuka aka adana a kwamfuta, don mai karatu ya duba hoto, asali ya huta cikin duhu. Cikin Agusta 2025 gwamnatin Mali ta soma mayar da na ma'ajiyar Ahmadu Baba gida Tambutu, bayan shekara 13.

Mu ma muna da irin wannan dukiya. A Kano da Sakkwato da Katsina da Barno gidaje da yawa na da gafakar kakanni, ba wanda ya buɗe ta sai jifa jifa. In akwai irinta a gidanku, ku roƙi iyayenku a ɗauke ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai rima, kada kuwa a rataye ta dab da rufin kwano. In ta jiƙe a shanya ta a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Kada a naɗe ta da jarida ko a ƙulle ta cikin leda, kada a liƙe yagaggen shafi da gam. Mai taɓawa ya wanke hannu ya bushe tukuna. A riƙa dubawa da farkon damina da ƙarshenta, gama rigakafi ya fi magani. Littafin da wani malami ya yi wata da watanni yana kwafa a gaban fitilar man gyaɗa, damina guda ta isa ta hallaka shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.