HADDI

Haddi (suna, namiji, jam'i haddodi, asalinsa Larabci). 1. Iyakar abu, inda ya tuƙe: kurin nan naka ya wuce haddi. 2. A wurin malaman fiƙihu, uƙubar da shari'a ta ƙayyade. 3. A isɗilahin hukumomin zamani, iyakar da ake shata wa wani yanki domin kada amfanin da aka samu a wajensa ya ari sunansa. Faransawa ne suka shahara da wannan a kan gonakin inabin da suke giya da shi, inda masana ke bin ƙasa gona-gona, suna duban jinsin turɓaya da gangare da ruwan sama da al'adar manoma, kafin a ja layi. Kuma jan layin nan bai taɓa zama da sauƙi ba, domin a shekarar 1911 manoman inabin yankin Shamfan sun yi bore a kansa, sai a 1927 doka ta tsayar da iyakar. Wanda ya san kasuwar Maraɗi ba zai ga baƙon abu ba, gama tun kafin takarda dillalin fata yakan murza fatar da yatsa ya ce wannan ta jar akuya ce, ba ta akuyar Sahel ba. Yau hukumar OAPI da ke Yawunde ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista da sunan mahaifarsu. Dubi iyaka, shaci.