Mata Masu Juna Biyu da Fargabar Fara Shan Maganin Ƙanjamau

Sau da yawa a wajen awon ciki ne mace kan gano tana ɗauke da ƙwayar HIV, kuma a shawarce ta da ta fara shan magani nan take. Mun tattaro abubuwan da suka fi damun irin waɗannan mata.

Na farko, tsoron kada maganin ya illata ɗan da ke ciki. Haɗarin yana wajen ƙin sha ne. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, in babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan kamu yayin goyon ciki, haihuwa ko shayarwa. Da magani kuwa, adadin kan koma ƙasa da 5. A 2018 an yi zargin maganin dolutegravir na haddasa nakasa, amma bayan ƙarin bincike, a 2019 hukumar ta amince masu ciki su sha.

Na biyu, wahalar maganin. Yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana. Tashin zuciya ko ciwon kai na farko kan lafa cikin ’yan makonni. Ba a daina sha ko bayan haihuwa. Uwa mai shan magani za ta shayar da nono zalla wata 6, a ba jariri maganin kariya, a gwada shi a mako na 6.

Na uku, tsoron tonon asiri da saki. Dokar Najeriya ta 2014 ta haramta tsangwamar masu cutar, kuma jami’an lafiya kan taimaka wajen sanar da maigida don shi ma ya yi gwaji.

Muna kira ga hakimai, dagatai da ungozomomi su ƙarfafa wa mata zuwa awo da wuri.