Gwajin tsirowar iri

Gwajin tsirowar iri hanya ce ta gane ko irin shuka yana da rai kafin a kai shi gona. Ana ƙirga ƙwayoyi, a jiƙa su, a jira kwanaki, sannan a ƙirga waɗanda suka tsira. Manomi ko ɗalibi zai iya yin sa a gida da tsumma da ruwa kawai.

Yadda ake yi

Ana ɗebo iri daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a cakuɗa, a ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓen masu kyau ba. Sai a jera su a kan jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa inda kaji da ɓeraye ba za su kai ba. Kullum ana yayyafa ruwa domin tsumman ya zauna da danshi, amma kada ruwa ya kwanta, saboda iri yana buƙatar iska. Gero da masara ana ƙirga su bayan kwana 7, wake kwana 8, dawa da gyaɗa kwana 10. Ƙwayar da ta fitar da saiwa da tsiro masu lafiya ita kaɗai ake ƙirgawa.

Fahimtar sakamako

Idan 85 suka tsira, ƙarfin irin kashi 85 ne cikin 100. Malaman gona galibi suna ɗaukar 80 zuwa sama a matsayin iri mai kyau. Idan 60 ne, ramin da aka zuba ƙwaya 5 zai ba da tsiro 3 a matsakaici, don haka sai a ƙara yawan iri ko a nemi wani. Wasu nau'o'in gyaɗa da shinkafa ba sa tsira da zarar an girbe su sai sun kwana biyu, shi ya sa ake yin gwajin dab da lokacin shuka.

Amsa tambayoyin yau da kullum

Da wannan gwajin ana iya raba gardama: irin bara da na bana wanne ya fi? Ajiya a rumbu ko a buhu? Waken da ƙwari suka huda yana tsira? Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya tak, a bar ruwa da wuri da yawan kwanaki iri ɗaya ga kowane kashi. Ana kuma maimaitawa, domin sakamako ɗaya yana iya zama dace. Ɗakunan gwaji na amfani da ƙwaya 400, a raba su kashi huɗu.

A Tambuwal da Kebbe

A waɗannan ƙananan hukumomi biyu na kudancin Jihar Sakkwato ana noman gero, dawa, masara, wake da gyaɗa da damina, kuma manoma da yawa irin da suka ajiye suke shukawa ko wanda suka sayo a kasuwa. Damina ba ta da tsawo. Wanda ya shuka mataccen iri da ruwan shuka ba zai gane ba sai bayan mako guda ko fiye, ga asarar iri da kuɗin ƙwadago, ga sake shuka a makare. Masu noman rani su ma suna amfana, domin irin albasa yana saurin rasa ƙarfi idan ya shekara.

Tarihi

Friedrich Nobbe ya buɗe tashar gwajin iri ta farko a Tharandt da ke Jamus a 1869. A 1924 aka kafa ƙungiyar gwajin iri ta duniya, ISTA, wadda ke tsara ƙa'idojin da ɗakunan gwaji ke bi. A Najeriya, hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC, ita ce ke tantance ingancin irin da kamfanoni ke sayarwa.