Yadda Kukan Talaka Ya Haifi Siyasar Sawaba

Talakan Arewa bai cika haɗuwa da Bature ido da ido ba. Bayan da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai Turawa suka bar sarakuna a kan karagarsu, su kuma suka koma bayan labule suna ba da umarni. Dagaci ne ke bin haraji da jangali, ɗan doka ke kamu, alƙalin En'e ke ɗauri. Da yaƙin Hitila ya yi zafi, ta hannun hakimai aka riƙa kwashe samari daga 1942 zuwa aikin tilas a ramukan kuza na Jos, inda sanyi da cuta suka halaka da dama.

Waɗanda suka ba fushin talaka baki malaman makaranta ne. A Bauchi, cikin shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun riƙa zaman muhawara kan yadda ake mulkin jama'a. Hujjar Zungur da Aminu ta fara ne daga gida, daga littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo irin su Kitabul Farƙ, wanda ya tsine wa harajin zalunci. Sarakuna, jikokin masu jihadi, kuwa ba su da bakin cewa wannan karatun Nasara ne. Da Aminu ya tafi Landan a 1946, ya ƙara da ra'ayoyin 'yan jam'iyyar Leba da dabarun Gandhi na Indiya.

A kan irin wannan ra'ayi aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Sanarwarta ta Sawaba ta ce rigimar tana tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, don haka tafiyar Bature kaɗai ba za ta wadatar ba. 'Yan jam'iyyar sun sha bulala da gidan yari a kan wannan magana.

Damuwar jam'iyyar NPC ta Sardauna daban ce: kada 'yan Kudu masu yawan 'yan boko su gaje kujerun Turawa. Shi ya sa da Anthony Enahoro ya kawo wa majalisar Legas ƙuduri a 1953 na a ba da mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce sai lokacin da ya dace. Arewa ta sami mulkin kai a 1959, Nijeriya ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960, kotuna da gidajen yarin En'e kuwa a lokacin suna nan a hannun sarakuna.