Yadda Black ta koyi binciken aikinta da kanta

Manhajar daidaita rubutun kod aikinta ɗaya ne: ta gyara tazara, ta karya dogon layi, ta jera komai tsaf, amma kada ta kuskura ta taɓa ma'ana. Ba yau aka fara ba; tun 1976 David Willcox ya rubuta indent don harshen C a Jami'ar Illinois da ke Amurka. Abin da ya daɗe yana ci wa masu rubuta manhaja tuwo a ƙwarya shi ne amana. Wa zai miƙa wa na'ura dubban fayiloli ta sake rubutawa, alhali ba shi da lokacin duba su?

Dabarar farko ta samun wannan amana mai sauƙi ce. A ajiye fayil mai hargitsi, a ajiye gyararrensa a gefe, duk lokacin da aka taɓa manhajar sai kwamfuta ta gwada ko sakamakon ya yi daidai. Haka ake gwada gofmt na harshen Go, wanda Google ya fitar a 2009, haka ma Prettier ta James Long da ta bayyana a 2017. Sai dai wannan gwaji ba ya kama komai sai abin da ya faɗo wa mai gwajin a rai.

A harshen Python kuwa abin ya fi haɗari, domin tazarar farkon layi ita ke nuna umarnin da ke ƙarƙashin wani. Layi ɗaya ya gusa, aikin manhaja ya sauya. Shi ya sa da Łukasz Langa ya fitar da manhajar daidaita kod mai suna Black a 2018, sai ya dasa gwajin a cikinta. Bayan ta gama gyara, takan warware tsohon kod da sabon zuwa ƙashin ginin ma'anarsu ta kwatanta. In sun saɓa, ba za ta rubuta fayil ɗin ba. Sannan ta sake gyara abin da ta gyara, kuma dole na biyun ya fito daidai da na farko. Mai gaggawa na iya kashe wannan binciken, amma ni dai ban ga ribar hakan ba.

Daga baya aka riƙa sakinta kan manyan ayyuka na gaske don a ga abin da kowane sauyi zai haifar, aka kuma haɗa ta da Hypothesmith, mai ƙirƙiro kod barkatai don tono kurakurai. A Janairun 2022 Black ta fita daga matakin gwaji, wata guda bayan haka Django, wani aikin kod na harshen Python, ya daidaita kod ɗinsa da ita.